Ciniki Ba La'ada

Ni dillalin goro ne, ko in ce na taɓa zama. Yanzu gwiwa ta hana ni hawa bayan lori in duba huhu, goron ma ya daina bi ta hannun irinmu. Amma baki bai tsufa ba. A da, in kana neman wanda zai sa mai kaya ya sauko, mai saye ya hau, su rabu kowa yana ganin shi ya ci riba, to a Zangon Kumasi ni za a nuna maka. Ba yabon kai ba ne, aiki ne na koya kamar yadda wani ke koyon ƙira.

Wanda ya koya mini shi ne mai gidan da nake zaune a ciki har yau, Allah ya jiƙansa. Ina saurayi ya ɗauke ni, ya ba ni ɗaki, ya kuma ba ni darasi guda da ya ci da ni duk rayuwata. Ya ce, "Kada ka taɓa gaya wa mutum abin da kake so. Bai zo kasuwa dominka ba. Nemo abin da shi yake so, ka ɗora kayanka a kai." In matar Asante ta kawo goro daga ƙauye, ba na ce mata ina son ta rage. Sai in dubi sama in ce hadari ya haɗu, kuma motar garinsu ba ta jiran kowa. In falke ne daga arewa, ba na yaba masa girman goro, sai in fasa ɗaya in nuna masa babu sankara, zai kai gida lafiya. So duka so ne, amma son kai ya fi. Wanda bai yarda ba ya zo kasuwa ya yini.

A ƙofar gidan nan akwai rumfa da dakali. Nan muke ciyayya tun zamanin mai gida. Da an sallame Magariba, kowane magidanci a layin zai fito da kwanonsa, a jera a tsakiya, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu. Tuwo da miyar ayoyo daga wannan gida, sakwara daga wancan, wani ya kawo shinkafa, wani dambu. Bahaushe da Bazabarme da Badagombe da Bamoshe duk kwano ɗaya. Baƙon da ya sauka daga mota bai san kowa ba, nan ake nuna masa. Dokar wurin ba ta da yawa: ba a tambayar wanda bai kawo ba, ba a kuma kushe miyar gidan wani, ko da ruwa ce tsagwaronta. A lokacin tabarma biyu ba ta isarmu.

Sai aka yi ta raguwa. Wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu 'ya'yansu suka gina gida a bayan gari suka kwashe su. Samari kuma ba su gada ba, kowa ya sayi abincinsa a leda ya shige ɗaki da waya. Aka wayi gari saura ni da Tela, sai wani makanike da ke leƙowa in aiki bai riƙe shi a unguwar makanikai ta Suame Magazin ba.

Tela Bazabarme ne, kakansa ya zo daga Nijar. Hausarsa ba ta san mace da namiji ba, ko matata ce ta wuce sai ya ce "ya wuce", ni kuma ba na gajiya da tsokanarsa a kai. Shi kuma yana kirana ɓarawon da ba ya shiga gida. Idonsa ya yi rauni har ya daina ganin ramin allura, ga ciwon suga, amma murya, tabɗi! In ya yi gyaran murya a rumfa, na ƙarshen layi ya san Tela ya fito.

Da mai ɗakina ta rasu, ciyayya ta zama duk abin da ya rage mini. 'Yata tana aure a Ankara, babban birnin ƙasar nan, ɗana yana ƙasar waje, suna kira, suna aike, ba ni da abin da zan ce sun yi mini ba daidai ba. Amma waya ba ta zama a gaban kwano. Kuma ni ba zan fita hannu rabbana ba, ko da doka ta ce ba a tambaya. Sai na riƙa sayen tuwo wurin wata mata a bayan layi, in shiga ɗaki in juye a kwanon samira na marigayiya, mai zanen fure, in rufe in fito da shi kamar daga madafa. Kullum Tela zai kai loma ya ce, "Miyar gidanku ya yi daɗi yau." Ya sani, na san ya sani. Ni kuma da yake ba ya gani sosai, sai in riƙa tura naman gefensa da ɗan yatsa, shi ma bai taɓa cewa komai ba.

Ana nan sai ɗan mai gida ya dawo daga Jamus bayan ya daɗe ƙwarai. Boga, haka muke kiran wanda ya dawo daga Turai, kuma haka kowa ke kiransa. Yaron da na taɓa riƙe wa hannu ya koyi tafiya a kan dakalin nan, yanzu ga tumbi ga mota. Bai jima ba ya kawo magina suka yi ta auna ƙofar gida. Na tambayi ɗaya, ya ce za a rushe rumfa da dakali a jera shaguna. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado na kasa ko cire hula.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi a kasuwa ba. Na same shi a falonsa, na zauna, na gaya masa abin da nake so. Na ce, "Ɗana, rumfar nan ita kaɗai ta rage mini. In ka rushe ta, a ɗaki zan riƙa cin abinci ni da bango." Ya saurare ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Ayya Baba, kada ka damu. Ai kai ubanmu ne. Zan sa madam ta riƙa aiko maka abinci har ɗaki, safe da dare. Ba sai ka fita ba ma."

Har ɗaki! Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na yi godiya, na tashi, na fito ina jin kunnena yana zafi. Haushin kaina na ji fiye da nasa. Na kai wa mutum buƙatata tsirara, shi kuma ya ba ni sadaka, me kuma nake jira? A daren a rumfa Tela ya ce, "Dillali, yau ba ka magana." Na ce haƙori ke ciwo.

Washegari na tashi da aikina na da. Gidan gado ne, ba na Boga shi kaɗai ba. Yana da yaya mace, Hajiya, wadda ke sayar da wake da shinkafa a rumfar da safe, ita ma tana da bakin magana. Matsalar ita ce ya riga ya saye ta: ya yi mata alkawarin shago na farko, mai tayil da gilashi. Sai murna take, tana gaya wa masu saye za ta huta da hayaƙi.

Na bari sai da layi ya watse, tana kankare tukunya, na je na zauna.

"Hajiya, na ji za ki shiga gilashi. Allah ya sanya alheri."

"Amin Baba. Ai na sha hayaƙi ya isa."

"Gaskiya ne. Shago abu ne mai kyau. Yana da ƙofa."

"Ƙofa har biyu," in ji ta.

"Ƙofa kuma tana da makulli. Wa zai riƙe?"

Ta tsaya da kankara. Ban ƙara ba, na sayi wake na ci a hankali. Na san abin da kowa a gidan ya sani, cewa tun da Boga ya dawo, duk makullan gidan, har na famfo, suna jakar matarsa. Hajiya kuwa a rumfar ubanta ta fara sana'a tun tana amarya, ba ta taɓa yi wa kowa sallama kafin ta ɗora tukunya ba. Da zan tashi na ce, "Kuma ban sani ba ko masu tayil suna yarda da itace. Waken gas dai kin san yadda yake." Ta ce, "Ni za a ce wa in dafa wake da gas?" Na ce ni ban ce ba, tambaya na yi.

Kafin La'asar an ji muryarta daga cikin gida har titi. Ban shiga ba. Ban ce mata ta taimake ni ba, ita ma ba ta san ta yi ba, yaƙinta take yi.

Amma Hajiya jinkiri kawai za ta iya jawowa. Mai yanka shi ne Boga, kuma na daɗe ban gano abin da yake so ba. Ba riba ba ce, don shagunan ba za su ƙara masa komai ba. Na yi ta kallonsa kamar yadda nake kallon falke. Ranar da na gane, a wurin wani suna ne a layin baya. Ya zo da babbar riga sabuwa fil, ya yi turare, ya tsaya yana duba inda zai zauna. Aka nuna masa kujerar roba can baya cikin samari. Maroƙi ya kira dattawa ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kansa sai ya ce, "Boga ma ya zo, a gaishe da Boga!" Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga yadda ya matse hular da ke hannunsa. Ubansa in ya shigo taro tashi ake yi. Shi kuma ya sha sanyin Turai ya dawo, har yanzu sunansa na wasa ne.

Na bar shi ya kwana da abin. Da na koma, ban shiga falo ba, na sa aka kira shi rumfa, na ce ina son ya duba wata tsaga a dakali kafin magina su zo. Ya fito, muka zauna.

Na ce, "Maganar rannan ka manta da ita, tsufa ne. Shagunanka ka gina, hakkinka ne. Abu ɗaya kawai nake tunani. Ka san in baƙo ya sauka a tasha yana neman gidan nan, me yake cewa?"

Ya ce sunan babansa.

Na ce, "A'a. Cewa yake a kai shi gidan rumfa. Har direbobin Asante sun san shi da haka. Babanka bai fi kowa dukiya a Zango ba, akwai waɗanda suka ninka shi. Su wa ke tunawa da su? Shi kuwa duk ɗaurin auren layin nan, duk suna, duk zaman makoki, a ƙofarsa aka yi. Wanda aka zauna a ƙofarsa shi ake fara gaisarwa, shi maroƙi ke fara kira, ba a kuma kiransa da sunan wasa."

Ya daina taɓa wayarsa.

Na ce, "Masu shago a Kumasi sun fi a ƙirga. In ka gina, ka zama ɗaya daga cikinsu, masu haya su kira ka lanlod. Masu rumfa kuwa sun ƙare. Da ni ne kai, ba rushewa zan yi ba. Sabon rufi zan sa, in sa fanka, in sa fitila, duk wanda ya wuce ya san mai gida ya dawo."

Da gangan na ce mai gida, na kuwa ga kalmar ta shige shi. Ya dubi langa-langar da ta yi tsatsa, ya dubi dakali. Sannan ya yi tambayar da ta nuna jinin ubansa ne. Ya ce, "Baba, in na gyara kuma babu mai zama fa? Ku biyu ne kawai. Kada in kashe ƙarfina a riƙa yi mini dariya."

Na bugi ƙirji na ce, "Muddin ina numfashi, ba za a yi Magariba rumfar nan babu dattijo da kwano a cikinta ba. Dattawa a ƙofa su ne rawanin mai gida. Wannan ka bar mini."

Haka aka yi. Magina da suka zo rushewa su suka yi gyara. Sabon rufi, tayil a dakali, fanka biyu. Hajiya ta ci gaba da hura itacenta, tana gaya wa kowa ita ta hana. Aka yi ɗaurin aure na farko a wurin, maroƙi ya kira Boga da mai gida, ya yi ta rabon goro kamar ba gobe. Ni kuwa a ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. Tela ya ce, "Ɓarawo, me ka gaya wa yaron nan?" Na ce gaskiya na gaya masa, irin wadda yake son ji.

Daɗin bai daɗe ba. Damina ta sauka, wata Asuba Tela zai tafi masallaci, ruwa ya cika kwata har ta yi daidai da hanya, bai gani ba ya zurma. Ƙafar ta yage, kuma mai suga ciwonsa ba ya warkewa da wuri. Ya yi jinya mai tsawo. Duk lokacin nan ni nake kai kwanona ɗakinsa mu ci, sannan in dawo rumfa in zauna don cika alkawari.

Babban ɗansa yana da gida a bayan gari, wajen hanyar Kenyase, ya daɗe yana son ya ɗauke shi. Tela ya ƙi. Bayan faɗuwar ma ya ƙi. Sai ga ɗan a ƙofar ɗakina wata Lahadi, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, na yi iya yina. Na ce masa akwai bayi a cikin ɗaki, akwai asibiti kusa, babu kwata. Ya ce ba ya zuwa. In ya sake faɗuwa, likita ya ce ƙafar ba za ta tsira ba. Kowa ya ce kai ne mai baki, kai kaɗai yake ji."

Na ce, "Ya gaya maka dalilinsa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce in ya tafi, wa zai ci da Dillali."

Wanzami ba ya son jarfa. Na ji kamar in kore shi. Ni da na tsare rumfa da haƙori da farce, yanzu a ce in sa hannu in fitar da mutum ɗaya da ya sa rumfar ta zama rumfa? Kuma abin da sauƙi in hana. Ba sai na yi komai ba, in je in yi magana mara gishiri, Tela ya ƙi, in ce na gwada. Wa zai kama ni? Na ce wa yaron ya tashi, zan yi tunani. Na yi kwanaki ina tunanin, ina jin haushin kowa, har Hajiya ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Abin da ya karya ni, wata Magariba ce da Tela ya fara fitowa da sanda. Na hango shi daga rumfa yana laluben bakin kwata da sandar, yana ɗaga ƙafar da aka naɗe, ga 'yan babur suna wucewa ta gefensa kamar iska. Saboda ni yake wannan tafiyar. Na tashi na taro shi, na ce masa sauri yake kamar ango, ya zage ni, muka zauna. Tuwon ranar bai wuce mini ba.

Dillali ba ya sayar da kayan da bai gani ba, don haka na hau motar haya na je unguwar. Gidaje sababbi, kowanne da katanga da ƙofar ƙarfe, shiru kamar an yi mutuwa. Na ga ɗakin da aka tanadar masa, ba laifi. Amma na san bayi da asibiti buƙatar ɗan ce, shi ke son hankalinsa ya kwanta. Tela bai taɓa son hutu ba. Na tsaya har Azahar. Akwai ɗan masallaci kusa da gidan, ko filasta ba a gama ba. Lokaci ya yi, mutane suka taru suna kallon juna, daga ƙarshe wani ya tashi ya yi kiran salla da murya kamar ta ɗan akuya, yana yi yana jin kunya. Na ce a raina, shi ke nan, na samu. Ban taɓa baƙin cikin samun abin da nake nema ba sai ranar.

Don na san abin da ke cikin Tela. Tun muna samari burinsa ladanci. A masallacinmu kuwa akwai ladan, akwai na'ibinsa, ga lasifika, shi sai in duk sun yi tafiya ake ce masa ya taimaka. Ranar da ya samu ya kira, yini yake yana tambayar mutane ko sun ji.

Da Magariba muka buɗe kwano, na bari ya ci ya ƙoshi. Sannan na ce, "Na je unguwar ɗanka yau."

"Ya aiko ka ke nan."

"Ya aiko ni. Amma ba zan ce ka je ba. Wurin bai yi ba. Mutane kamar marayu, masallaci babu ladan."

Hannunsa ya tsaya a kan kwano. "Babu ladan kamar yaya?"

"Babu. Wanda ya kira Azahar, da ka ji shi da ka yi kuka. Asuba kuma an ce wani lokaci ba a kira ma, kowa ya yi a ɗakinsa. Ga yara sun taso ba su san muryar dattijo ba. Ciyayya kuwa ko sunanta ba su taɓa ji ba, kowa yana bayan katanga da cokalinsa. Daga ƙofar ɗanka zuwa masallacin, ko makaho ba ya buƙatar ɗan jagora. Amma ina ruwanka? Kai a nan kana da matsayinka, kai ne na uku."

"Ɗan banza," in ji shi. Fanka tana ta juyawa a kanmu. Na san ya riga ya tafi, ina ganin leɓensa yana motsi kamar mai gwada murya. Sannan ya juyo da idanun nan nasa da suka yi fari-fari ya ce, "Kai fa?"

Na yi dariya, na nuna rufi. "Ni? Dubi fanka, dubi tayil. Mai gida ya ce zai riƙa fitowa, makanike yana nan. Kai ne ma ke cinye mini nama."

Ya daɗe yana kallon inda nake. Ya ce, "Dillali, wannan ciniki wa ya ba ka la'ada?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya ce, "To an cuce ka."

Ranar da za a tafi da shi, ni na riƙe masa sanda ya shiga mota, aka ɗora keken ɗinkinsa a baya duk da ba zai ƙara taka shi ba. Bai yi mini sallama mai tsawo ba, ni ma ban yi ba. Ya ce in gaida mai miyar gidanmu. Na tsaya har motar ta sha kwana wajen masu gyaran taya, na dawo na tarar Hajiya tana share hawaye da bakin mayafi, na ce mata hayaƙin itacenta ne.

Mai gida ya fito ciyayya 'yan kwanaki, da cokali, waya a ɗaya hannun. Daga baya sai ya riƙa ɗaga mini hannu daga mota. Ban ga laifinsa ba, abin da na sayar masa ya samu: taro a ƙofarsa, suna a bakin maroƙi. Ban taɓa sayar masa da cin tuwo da tsoho ba. Makanike ma ya samu wurin aiki na kansa a Magazin, sai dai a Juma'a yake leƙowa.

Da farko Tela yana kira kullum bayan Magariba, ya yi ta ƙorafi an kai masa abinci ɗaki kamar fursuna. Sai kiran ya fara tsallake kwana. Wata rana ya kira, ina jin hayaniya a bayansa da ƙarar murfin kwano. Ya ce ya samu maƙwabta sun fara fitowa, har da wani Asante da ya musulunta, wanda ke kawo sakwara mai kyau. Ya ce in ji, in ji, ya ɗora wayar kusa da kwanukan. Na ji. Na ce masha Allah, kuma har zuciyata na faɗa. Da ya kashe kuma na ji wani kishi ya taso mini, irin wanda ban yi zaton yana saura a jikin tsoho ba. Ɗansa ya ce ƙafar ta warke sarai, kuma yanzu unguwar ba mai makara Asuba.

'Yata ta ce in koma Ankara wurinta. Na ce mata ina da alkawari a nan, ta ce wane irin alkawari ne da rumfa. Ban iya yi mata bayani ba. Na ce wa mutum ba za a yi Magariba babu dattijo da kwano a ƙofarsa ba, a kan maganar nan ya fasa shagunansa. In na tashi, na zama dillalin da ya sayar da huhu babu goro a ciki.

Don haka kullum ina sayen tuwona a bayan layi, in juye a samira mai fure, in fito in zauna ƙarƙashin fanka. Duk wanda ya wuce ina ce masa bismilla. Su ce, "A ci lafiya, Baba," su wuce, wasu ko tsayawa ba sa yi. Ba na jin haushinsu, ina da abin da zan ɗora musu tayin a kai ne? Sun ƙoshi, suna sauri, kuma ba abin da suke nema a wurina. Na duba iya dubawata ban samu ba.

Jiya na gama ci, na zo rufe kwano, sai na ga naman duka a tare a gefe ɗaya, gefen da Tela ke zama. Ban san lokacin da na tura shi ba.